Wankan Jegon Mai Gemu

Da sunan Allah wanda ya ba mu ciki, ya kuma rufe shi da fata don kada mu ga abin da muke yawo da shi. Nawa dai an buɗe shi sau biyu. Na farko ƙaddara ce, na biyu kuwa dangi ne.

Sunana Tanko, haƙar rijiya ce sana'ata, ko in ce ita ce da. Daga Kabo har ƙauyukan Gwarzo, in ka sha ruwa ka ji ɗan gishiri-gishiri, gumina ne. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Na zauna rubuta wannan ne domin masu komawa gida daga asibiti da ɗinki a ciki. Ku ji abin da ya same ni, ba don ku tausaya ba, tausayin ya makara.

Na yi shekaru da ciwon ƙaba, irin wadda hanji ke turo fatar ciki. In ta fito sai in kwanta a gindin bishiya in tura ta da tafin hannu, kamar mai kora akuya turke, ta koma, ni ma in koma rami. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da bazara, ina ƙasan wata rijiya a Masanawa na cicciɓi dutse, ta fito ta ƙi komawa. Na lallashe ta, na zage ta, ta yi kunnen uwar shegu. A gugan kwasar laka aka jawo ni sama, ina amai kore kamar miyar kuka.

A Gwarzo suka taɓa cikin suka ce hanji ya shaƙe, sai birni. A birni kuwa, tun lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, asibiti ya koma kamar aikin gayya, kowa da fartanyarsa. Zare kai za ka saya, allura kai, auduga kai, safar hannun likita kai. Matata Hansai ita ta dinga sintiri tsakanin layin kati da shagon magani, ni ina kan benci ina karanto duk addu'ar da na iya, da waɗanda ban iya ba. Jakina ya tafi a zare da ruwan ƙari. Jaki ne mai taurin kai, amma ban yi masa fatan wannan ƙarshen ba.

Aka yi aiki. Na farka na ga ɗinki tun daga ƙasan ƙirji har mara, kamar buhun gero da aka kama bakinsa. A gefe kuma sun huda ni sun zura wata siririyar roba irin ta masu zuƙar fetur, ƙarshenta da 'yar jaka, ruwan ciwo na ɗiga a ciki. Ban gama sanin inda kaina yake ba aka ce ana neman gadon, in tafi gida da robata.

Wata nas ta zaunar da Hansai ta koya mata. A wanke hannu da sabulu. A goge bakin ɗinkin da jan maganin nan aidin, a rufe da sabuwar auduga. Jakar kullum ta zauna ƙasa da ciwon, kada a ja ta, kada a danne ta. Kowace safiya a zubar da abin da ya taru, amma a duba launinsa tukuna: in kamar ruwan wankin nama ne, lafiya lau, in ya yi kauri ko ya yi wari, a kawo ni ko da gudu. In mako ya zagayo a dawo a cire robar. Likitan, wani siririn yaro mai tabarau da na isa in haifi babansa, ya ɗaga mini yatsa.

"Baba, ko raɓa ban yarda ta sauka a kan ɗinkin nan ba."

Na ce, "Likita, wanda ya ƙare rayuwarsa a rijiya ai ya ƙoshi da ruwa."

A motar komawa aka ce yanzu doka ce, mata baya, maza gaba. Hansai ta tafi can ƙurya, ni aka cusa ni tsakiya, jakata tana lilo a tsakanin ƙafafun wani dillalin shanu. Tun daga birni har Kabo bawan Allah bai daina a'uziyya ba.

Makon farko, wallahi, na ji daɗin jinya. Hansai tana da hannu. Ba ita ce uwar 'ya'yana ba, waccan ta rasu, 'ya'yan duk mata ne suna gidajensu. Hansai Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta haƙuri, ya kuma ba ta ni don a gwada haƙurin. Da hantsi za ta shimfiɗa wankakken zane, ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗaga filasta a hankali tana hura mini wurin kamar mai fifita kunu. Ta ɗaga jakar ta duba a hasken rana ta ce, "Malam, yau ya ragu." Ɗinkin ya bushe, ya fara ƙaiƙayi. Na fara takawa zuwa zaure, jakata a aljihun taguwa.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wannan ya ce man shanu, wancan ya ce kashin kadangare, wani ya ce a ɗaura mini laya a robar don kada iska su bi ta ciki su shiga. Wanda na ga ya yi zaman jiran tuwo, sai in zaro jakar in ce ya taya ni duba launinta. Nan da nan yake tuna ya bar dabbobi a rana.

Ana gobe za mu koma a cire robar, sai ga Yaya Kande daga Gude, da ƙunshin ganyen darbejiya a kanta.

Yaya Kande ita ce babbar yayata. Ita ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta tauna ta ba ni. Unguwarzoma ce, rabin mutanen Gude a hannunta suka faɗo duniya, kuma duk macen da ta yi wa wankan jego ba ta sake mantawa da ita. Ta sauke ganyen, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mai jiki, sannan ta yaye taguwata ba sallama. Ta daɗe tana kallo.

"Tanko, sau nawa aka gasa ka?"

"Yaya, ai ba tsire ba ne."

"Ban da shashanci. An tsaga ciki, an taɓa hanji, an ɗinke. Meye bambancinka da wadda ta haihu? Ɗanyen jiki ne. In ba a dafa shi da ruwan zafi ba sanyi ya shige, kumbura za ka yi kamar gawar jaki."

Hansai tana durƙushe a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, likita cewa ya yi kada ruwa ya taɓa. Gobe ma za mu koma a cire robar."

Yaya ba ta ko waiwaya ba. "Mai ɗanyen jiki ba ya taka titi sai ya yi arba'in. Ke kuma, wadda ba ta taɓa shiga ruwan zafi ba, me ta sani a ciki? In da kin san yadda ake gyara ciki da mun gani a naki."

Hansai ta tashi ta fita. Na ji ta tana jan ruwa a rijiyar tsakar gida, guga bayan guga, alhali randunanmu cike suke.

Na ce, "Yaya, yaron nan fa da tabarau ya ce ko raɓa."

"Shi ya goye ka?"

A garinmu ba a amsa wannan tambayar.

Washegari tun da sanyin safiya aka ɗora babbar tukunya. Itacen da na tara don damina aka jibga mata. Aka zuba ganyen, ruwan ya tafasa har ya yi baƙi. Aka zaunar da ni a kan turmi a bayan ɗaki, daga ni sai gajeren wando, gemuna fari fat, jakata rataye a wuyana da igiya kamar laya, can sama da ciwon inda nas ta ce kada ta hau. Yaya ta tsoma damin ganye a tukunya ta fyaɗa mini a baya.

Na shekara ina jin ihun mata daga bayan ɗaki ina cewa raki ne. Ba zan ce na tuba ba, amma na fahimta. Ta fyaɗa a kafaɗa, ta fyaɗa a ƙirji. Da ta zo kan ciki sai ta ɓalle filastar ta yar, ta jiƙa tsumma a ruwan ta danna a kan ɗinkin da ƙarfinta duka.

"Riƙe numfashi. 'Yan mata ƙanana ma sun jure."

"Yaya, su ai ana ba su jariri."

"Kai ma ga naka a wuya."

Safe da yamma ake yi. A tsakani a ɗura mini kunun kanwa, a cika ni da yaji, a kwantar da ni a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a cikin zafin bazara. In Yaya ta shiga sallah, Hansai ta lallaɓo da aidin ta goge wurin, ta sauko da jakar ƙasa. In Yaya ta idar ta ga ja-ja a cikina, ta wanke shi tas, ta ce an shafa mini janbaki kamar amarya.

Hayaƙi safe da yamma da ƙanshin darbejiya ba sa ɓuya a ƙauye. Kwana kaɗan mata suka fara shigowa suna rufe baki da mayafi. "Barka da arziki, Malam Tanko. An samu kai lafiya? Me aka samu?" Taubashina Ilu, wanda muka yi shekara da shekaru muna cin naman juna, ya zo har gida da sabulun jarirai da ƙafar saniya ta ƙaurin masu jego. Ya zauna ya gyara hula.

"Maijego, yaushe ne suna? Ina so in san ko in wanke babbar riga."

"Ilu, fita mini daga gida."

"Ɗago mini shi in gani mana. Kai, tubarkalla, kamarku ɗaya. Har warin."

Dariya ta kama ni, ita ce kuma muguntar. Duk dariya ɗaya sai in ji zaren yana cin naman. Ilu ya ga ina riƙe ciki ina hawaye, ya ƙara gyara zama. Sai da ya ga Hansai ta fito da muciya sannan ya tashi.

Da na ga ba mafita sai na tuna ai Shari'a ta zo. Na aika aka kira mini Ustaz Nafi'u, ɗan ƙanenmu, wanda ya yi karatu a birni ya dawo da ɗangalallen wando, yana hana kiɗa a gidan biki. Na raɗa masa cewa ya zo ya yanke hukunci: mace ba ta kallon abin da ke tsakanin cibiyar namiji da gwiwarsa, ko da yayarsa ce. Ya zo da littafi a hammata, ya yi gyaran murya a tsakar gida, ya fara da Larabci.

Yaya tana tsugune tana iza wuta. Ta bari sai da ya kai kan cibiya.

"Nafi'u, cibiyar wa?"

"Gwaggo, ai malamai sun ce..."

"Taka ni na yanke ta. Da reza. Na gasa ta da tsingaro har ta faɗi, na binne ta a bayan ɗakin uwarka. In kana so in nuna maka wurin. Miƙo mini itacen nan."

Ya miƙa mata. Malamin da ya tsayar da kalangu a unguwa uku, shi ya ƙarasa iza wutar wankana, sannan ya tuna yana da ɗalibai.

A mako na biyu bakin ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya yi sheƙi. Fatar gefe ta saluɓe saboda ƙuna. Abin da ke jakar ya tashi daga ruwan wankin nama ya koma kamar kunun da ake ɗura mini, ga wari, ƙuda suka san ɗakina. Zazzaɓi ya dinga kaɗa ni a kan gadon wuta haƙorana na haɗuwa. Hansai ta ɗauki jakar ta kai gaban Yaya, ta durƙusa.

"Yaya, don girman Allah ki duba. Irin wannan suka ce in an gani a kai shi."

"Alhamdu lillahi. Dauɗar ce take fita. Da can da kike goga masa janbaki ta fito?"

Sai kuma robar ta toshe, ta daina ɗiga, cikin ya ɗaure kamar ganga. Yaya ta duba ta ce ai ta gama aikinta, kuma ba a barin mabiyiya a jikin mai jego. Ta ja, ta ji an kama ta da zare a fata. Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko reza. Ban san tsawon abin da ke cikina ba sai ran nan. Ta yi ta ja yana fitowa kamar igiyar guga, ni ina kiran uwata da ban ma san fuskarta ba. Ta toshe ramin da auduga da man shanu, ta sa aka binne robar da jakar a bayan ɗaki.

Ilu ya ji labari ya aiko a yi mini ta'aziyya.

Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, aka kawo mini nama da yaji. Yajin ya hau mini hanci na yi atishawa. Na ji wani abu ya ce ɓas, ba zafi ma, sai ɗumi ya bi cinyata. Na duba na ga ɗinkin ya buɗe baki daga cibiya zuwa ƙasa, wani abu mai santsi yana leƙowa. Na yi shekaru ina leƙa ramuka, ban taɓa ganin wanda ya tsorata ni kamar wannan ba.

Yaya ta tsaya da ludayi a hannu. Hansai ce ta ture ta, ture na gaske, har ludayin ya faɗi. Ta rufe wurin da wankakken zane, ta naɗe ni da wani, ta fita ba mayafi ta tsayar da amalanken shanun maƙwabci. A kansa aka kai ni bakin titi. Yaya ba ta bi mu ba, ta ce wani ya tsaya ya kula da wuta.

A birni yaron nan mai tabarau ya ɗaga zanen, ya ga ƙunar, ya ga ramin robar da man shanu. Ya cire tabaran. Ya juya kan Hansai a gaban duk mutanen ɗakin.

"Ke ba ke aka koya wa ba? Dafa shi kika yi? In kin gaji da shi ai sai ki nemi saki, ba ki kashe shi ba."

Na tattara ɗan numfashin da ya rage na ce, "Likita, yayata ce."

"Ba a hannun yayarka na sallame ka ba, Baba. Wannan na ba amana."

Hansai ta miƙe. Ta karɓi takardar sayayya ta tafi layin zare da auduga. Wannan karon 'yan awakinta ne suka tafi, da kwallayen da ta zo da su gidana.

Aka sake shiga da ni. Suka wanke cikin, suka kama na ciki, na waje kuma suka bar shi a buɗe, wai ya ciko da kansa daga ƙasa, don infekshan ya cinye naman da zare zai kama. Wannan kalmar ita kaɗai na samu kyauta a asibitin. Na daɗe a kwance. Da aka sallame mu, nas ta sake koya wa Hansai yadda za ta cusa auduga a ramin ta zaro kullum, tana koya mata tana harararta.

Damina ta zo ta wuce ina kwance. Kowace safiya Hansai ta wanke hannu, ta zaro ta jiya, ta cusa ta yau, ni ina cizon filo ina zagin kakannin Ilu. Ta sa sakata a ƙofar ɗakin, ɗan dubiya daga waje yake gaisuwa. Dangina suka ce ta mallake ni. Ramin ya ciko a hankali kamar tsohuwar rijiya da ƙasa ke cikewa. Na gode wa Allah, na gode wa yaron da ya ɗinke ni sau biyu duk da bakinsa ba linzami, na gode wa mai amalanke. Hansai kuwa na gwada yi mata godiya sau ɗaya, ta ce in ɗaga hannu tana son naɗa bandeji.

Fata ta rufe, amma naman ƙarƙashi bai haɗu ba. Yanzu in na tsaya cikina yakan zubo gaba kamar ƙullin kaya, sai na ɗaure shi da rawani. Likita ya ce kada in sake ɗaga abin da ya fi buta. Na ba da dagina da igiyata. Sunan Maijego ya bi ni, har yara da ba a haifa ba lokacin da shi suka san ni. Yaya Kande tana nan da ranta, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ƙaninta saura ƙiris ya warke, matarsa juya ta katse masa wanka.

Kwanakin baya aka dawo da Sule mai gyaran keke daga asibiti, shi ma an yi masa aiki a ciki, shi ma da robarsa. Ba a jima ba na hango hayaƙi yana tashi daga bayan ɗakinsa da sassafe, iska ta kawo mini ƙanshin darbejiya. Na ɗauki sandata na ja jiki. Na tarar da shi a zaure, idanunsa sun yi zuru-zuru, mahaifiyarsa tsaye a kansa da tsumma a kafaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ba da baki zan yi miki bayani ba." Na kwance rawanin, na ɗaga taguwa, na bar cikin ya zubo a gabansu, da tabon ƙuna da komai.

Tsohuwar ta duƙa ta duba da kyau. Ta girgiza kai, ta dafa kafaɗar ɗanta.

"Ka gani da idonka ko, Sule? Kande ta gaya mini ban yarda ba. Ga abin da rashin cika arba'in yake jawowa." Ta juya ta ƙwala wa surukarta kira. "A ƙara itace."